Yadda ake gane ko babbar lamba firaim ce ko tana rabuwa

Firaim ita ce lambar da ta wuce 1, wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Ɗalibanmu na Sakkwato masu shirin WAEC da JAMB sun san wannan da ka, amma a ba su 9,991 sai su gwada 3 da 7, su ga saura, su rubuta firaim. Nan maki ke zubewa.

Fara da lambar ƙarshe. In cika ce, 2 na raba ta. In 0 ko 5 ce, 5 na raba ta. Sai ka tara lambobin: 9+9+9+1 ya ba da 28, wadda 3 ba ta raba ta, ke nan 3 ba ta shiga 9,991.

Ta 11 kuwa, daga dama ake ɗebewa ana ƙarawa bi da bi. Ɗauki 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato: 3−0+9−1 ya zama 11, ashe 11 sau 173 ce, duk da kamar firaim da take yi. Ga 7 da 11 da 13 akwai yanke guda, don su ukun in an ninka 1,001 suke bayarwa. Yanka lambar uku-uku daga dama ka ɗebe: 991−9 saura 982. Babu wadda ta raba 982 cikinsu, to babu mai raba 9,991 cikinsu.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato sanin wurin tsayawa. Nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai taka. 100 sau 100 shi ne 10,000, ya ɗan wuce 9,991, saboda haka dole ka gwada kowace firaim da ke ƙasa da 100, su 25 ne. Dalili: in lamba ta rabu gida biyu, ɗayan ba zai wuce wannan iyaka ba. Kada ka ɓata lokaci kan 21 ko 49, an riga an sallame su tun a 3 da 7. Bi 17, 19, 23, 29 har gaba, kana rubuta sauran kowace a gefe. Sai a ta ƙarshe, 97, za ta buɗe: 97 sau 103. Wanda ya gaji a 89 ya yi aikin banza. Mai ido da ya lura 9,991 ita ce 10,000 ba 9, wato (100−3) sau (100+3), ya huta tun farko. Kalkuletar kasuwa mai gurbi takwas tana yanke wutsiyar amsa in lamba ta yi tsawo, don haka ninka ka koma ka tabbatar.

In ka gano firaim ɗin da ke cikin lamba, ƙirga masu raba ta mai sauƙi ne. 1804 ita ce 2×2×11×41. Ƙara 1 kan yawan fitowar kowace firaim ka ninka: 3×2×2, masu raba ta 12. Tara su ban da ita kanta, 1,724, bai kai ta ba, gajiyayya ce. In ya wuce, mai yalwa. In ya yi daidai, kamar 28 da 8,128, cikakkiya.