Yadda za ka riƙe aikinka na kwamfuta in dokar kare yara ta zo da zafi

Duk mai zaune a Kano yana haɗa wa kamfanin waje manhaja ko shafi, to ya kasa kunne. Dokokin kare yara a intanet suna ta fitowa, niyyar mai kyau ce wallahi, dukkanmu muna da ƙanne, amma wasu sun wuce gona da iri, kuma in kamfani ya tsorata ya rage aiki, kai ɗin nan da ke nesa ba ka da takarda, kai za a fara sallama.

Abu na farko ka san ina masu amfani da kayanku suke. In Ingila ce, akwai dokar Online Safety ta 2023, Ofcom, hukumar sadarwa ta ƙasar, ke kula da ita, tun Yulin 2025 aka tilasta tantance shekaru a wasu shafukan, tarar kuma tana kai fam miliyan 18 ko kashi 10 na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya. Ka ga ƙaramin kamfani mai mutum biyar ina zai iya? Sai ya toshe ƙasar kawai, ko Imgur, shafin ɗora hotuna, ma haka ya yi wa 'yan Ingila a 2025. Ostiraliya ta hana 'yan ƙasa da 16 soshiyal midiya, Amurka kuma tana da COPPA, dokar kare bayanan yara a intanet, tun 1998 kan 'yan ƙasa da 13.

To ga inda abincin yake. Maimakon ka zauna kana jiran imel ɗin sallama, ka zama kai ne ka fahimci abin a cikin tawagarku, ka koyi yadda ake haɗa tantance shekaru ta hannun wani kamfani daban yadda ku amsar "ya kai" ko "bai kai ba" kaɗai za ta iso muku, ba hoton fasfo ba, ka koyi maɓallin kai ƙara da goge bayanai, sannan ka rubuta wa oga shafi ɗaya me zai ci da kwana nawa. Oga ba ya sallamar wanda ya cire masa ƙaya.

Bayanan yara kuwa kar su kwana a laptop ɗinka, musamman in kana kai shi gyara Farm Centre. Mu ma nan Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 tana buƙatar yardar iyaye, kuma akwai NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa, don haka masu yi wa makarantun Islamiyya da firamare manhajar sakamako ku ma da ku ake.

Sai kwantiragi. A rubuta, ko da ta imel ne, notis na wata guda da biyan abin da ka riga ka yi. Ka kuma nemi kwastoma na biyu a wata ƙasar daban, ko wani ɗan kasuwa a Kwari mai son manhajar lissafin kaya, kuɗin ba dala ba ne amma zai sayi data da man janareto.