Yadda za ka nuna wa mutanen gida abin da maleriya ke yi wa jini

Damina ta kankama a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada ko'ina kwata ta cika, sauro kuma ya samu gari. Matsalar mu ita ce yaro na zazzaɓi sai a ce bari a ga zuwa gobe. Ni dai na gano in ka tsaya surutu da baki ba sa ji, gara ka nuna masu su gani da ido.

Ka samo balan-balan guda biyu, ka ɗan zuba ruwa kaɗan a kowanne, kar ka cika, ka ɗaure. Ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe sai ka tura na farkon ta ciki, za ka ga ya lanƙwashe ya wuce sumul. To haka jan ƙwayar jini mai lafiya take, faɗinta wajen maikuromita 8 ne (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) amma tana matsewa ta bi jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, kuma haka take yi har kusan kwana 120 da take rayuwa.

Na biyun kuma kafin ka ɗaure ka cusa masa goro a ciki, ka naɗe shi da salatif, ɓangaren gam ɗin yana waje. Yanzu tura shi mu gani. Ba zai wuce ba, ga tauri ga manne wa yatsa. Goron nan shi ne ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, wadda ta fi yawa a nan wajenmu, tana shiga cikin ƙwayar jinin ta yi ta girma wajen awa 48 kafin ta fasa ta, kuma tana cikin nan tana fitar da wasu sinadarai da ke taurara fatar ƙwayar su yi mata ƙuraje masu danƙo, shi ya sa take liƙewa a bangon ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. In a ƙwaƙwalwa ta liƙe shi ne za ka ga yaro na jijjiga ko ya suma, mutane su ce iska ce. Wallahi ba iska ba ce.

Sai ka ɗauko rariya ka ce wannan ita ce saifa. Duk ƙwayar da ta yi tauri nan take maƙalewa a lalata ta, har waɗanda cutar ba ta shiga ba su ma suna ɗan taurara a haɗa da su, shi ya sa jini ke ƙarewa da sauri, saifar ta kumbura.

Daga nan ka gaya masu abin yi. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji a ranar, ɗigon jini ne daga yatsa, minti 15 zuwa 20 an gama. In maleriya ce a sha haɗin maganin maleriya da ake ce wa ACT na kwana 3 har ya ƙare ko da yaro ya tashi yana wasa, irin su Coartem kuma a haɗa da madara ko abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki.

Kullum a duba tafin hannunsa da cikin fatar ido ta ƙasa. In sun yi fari fat, ko yana numfashi sama-sama, ko ya ƙi nono, ko fitsari ya yi baƙi kamar shayi, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, to wannan ya wuce na kemis. A ɗauke shi sai asibitin Gambo Sawaba ko na koyarwa da ke Shika ko wanda ya fi kusa, can ne ake allurar artesunate da ƙarin jini, ko da ƙarfe 2 na dare ne a buga wa maƙwabci mai mashin ƙofa.