Yadda za ka gyara fuskar manhajarka kowa ya iya amfani da ita, har da wanda ba ya gani

Wannan rubutun na 'yan uwana ne masu haɗa manhaja, ko ta waya ko shafin intanet. Kwanaki na ga wani dattijo a layinmu yana fama da manhajar tura kuɗi, ya danna nan yatsa ya taɓa can, rubutun ƙanana ƙanana kalar toka a kan fari ga rana ta take, ƙarshe dai sai da ya miƙa wa wani yaro wayar har da faɗa masa lambar sirrinsa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don mu masu zana fuskar manhaja mu muke jawo irin haka.

To farko dai ka ajiye babbar wayarka, ka nemo ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno, ka fita da ita tsakar gida da azahar ka buɗe manhajar. Abin da ka kasa karantawa ka gyara kalarsa. Akwai ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar mai suna WCAG, sabuwarta 2.2 ta fito a 2023, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 zuwa 1, in rubutun manya ne 3 zuwa 1 ya isa. Ba sai ka yi lissafi da ka ba, Lighthouse, abin gwada shafi da ke cikin Chrome, zai nuna maka, a Android kuma ka sauke Accessibility Scanner kyauta ne. Kuma kar ka bar kala ita kaɗai ta isar da saƙo, wato ja ya ƙi kore ya tafi, akwai mutane da yawa musamman maza da ba sa bambance ja da kore sosai, ka haɗa da kalma, "ya tafi" ko "bai tafi ba".

Maɓalli kuma ka ba shi jiki. Google na cewa 48dp kowane gefe, Apple na cewa 44pt (dp da pt ma'aunin girma ne a allon waya), sannan ka bar fili tsakanin "tura" da "fasa". Girman rubutu ka sa shi da ma'aunin sp a Android don ya bi saitin mai waya, sai ka je ka ƙara girman har ninki biyu ka ga ko wani abu ya hau kan wani.

Yanzu ga wanda na fi so ka ba lokaci. Ka shiga saitin waya ka kunna TalkBack, wato manhajar da ke karanto abin da ke kan allo da murya, in iPhone ce VoiceOver, in kwamfuta ce mai Windows ka sauke NVDA shi ma kyauta ne. Sai ka rufe ido da gaske, ka yi ƙoƙarin yin rajista daga farko har ƙarshe da kunne kawai, haka makafi suke amfani da waya kullum kuma da saurinsu. Za ka ji wayar tana cewa maɓalli ne amma ba ta faɗi na mene ne ba, wato ka sa hoton kwando ko ɗan kibiya ba ka raɗa masa suna ba, mai gani ya gane, wanda ba ya gani kuwa sai dai ya danna ya ga abin da Allah zai yi, kuma kuɗinsa ne fa a ciki. Gyaran bai kai minti ɗaya ba, ka rubuta sunan a contentDescription a Android, ko a alt a hoton shafin intanet, sunan ya faɗi aikin abin, "goge saƙo" ba "hoton kwando" ba. Hoton ado kawai ka bar alt ɗinsa wayam don a tsallake shi. Ka kuma saurari jerin yadda take karantowa, ya taho daga sama zuwa ƙasa yadda hankali zai ɗauka, kuma in wani akwati ya buɗo a tsakiyar allo muryar ta shiga cikinsa, in an rufe ta koma inda take.

Wajen cike fom, sunan kowane gurbi ya zauna a samansa, kar ka rubuta shi a ciki ya ɓace da an fara rubutu. In an yi kuskure ka faɗi inda yake da Hausa mai sauƙi, "lambar waya 11 ce, ka sa 10". In sabis ya ɗauke kar ka share abin da mutum ya sha wahala ya rubuta, kuma kar ka bar shi yana kallon abu na juyawa bai san kuɗi sun fita ko ba su fita ba, sai ya sake dannawa.

In da Hausa ka yi manhajar, ka duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito, wasu salon rubutun akwati suke nunawa a madadinsu, Noto Sans dai yana da su. Wajen bincike ma wanda ya rubuta "kudi" ya samu "kuɗi", don yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a waya.

Sai ka nemo mutum 5, yadda Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya daɗe yana ba da shawara, amma kar su zama abokanka 'yan kwamfuta, ka sa dattijo a ciki, da mai sayar da kaya a kasuwa, da makaho mai amfani da TalkBack, ka biya su ladan lokacinsu. Ka ce "Baba, don Allah tura wa wannan lambar naira 500", ka ja bakinka ka yi shiru kar ka nuna masa komai, duk inda yatsarsa ta tsaya yana neman hanya ka rubuta a takarda, in ka gyara ka sake kawo masa.