Shawara ga mai horar da kwikwiyon farautar tsuntsaye

'Yan'uwa mafarauta, abin da ya fi lalata kwikwiyo shi ne gaggawar kai shi daji tun bai san kiran ubangidansa ba. Daga mako 8 da haihuwa, a fara da sunansa da amsa kira kawai, a tsakar gida, minti 5 zuwa 10 safe da yamma, ana ba shi ɗan guntun nama duk lokacin da ya zo da kansa. Kada a taɓa kiransa domin a doke shi, domin karen da ya sha duka bayan ya amsa kira zai riƙa tsayawa nesa yana kallonka.

Idan ya saba da amsa kira, a ɗaura fiffiken zabo ko na fakara a jikin dunƙulen tsumma, a ja shi a ƙasa cikin ciyawa, a ɓoye, sannan a saki kwikwiyon da doguwar igiya a wuya ya bi sansana. Idan ya ɗauko, a tara hannu ƙarƙashin haɓarsa a jira ya saki da kansa, domin fizgewa ita ke koya masa tauna tsuntsu. Tsakanin wata 4 zuwa 6 yana famfarar haƙora, bakinsa na ciwo, gara a sassauta wannan darasi.

Ƙarar bindiga kuwa ita ce ta ƙarshe, kuma daga nesa sosai ake fara ta, lokacin da hankalinsa yake kan tsuntsu. Kafin fita daji, a tabbata an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake yi daga wata 3.