Kurakuran da aka fi yi wajen auna mai bincike kan raunin laka

Watan jiya wani ƙanina, likita a sashen ƙashi, ya shigo mini da kwamfutarsa rai a ɓace. Lokacin neman ƙarin girma ya ƙarato, ya buɗe Scopus, rumbun intanet da ke tattara maƙalun bincike da ƙirga ambatonsu, ya tarar da maƙalu huɗu kacal a ƙarƙashin sunansa, alhali ya san goma sha ɗaya ya wallafa, yawancinsu kan mutanen da lakarsu ta taɓu a haɗarin mota. "Yaya, an cinye mini aiki," in ji shi. Ba wanda ya cinye. Da muka bi diddigi sai muka tarar na'ura ta raba shi gida uku: a wata mujalla ya rubuta Muhammad, a wata Mohammed, a ta uku kuma ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe, aka ɗauke shi sunan iyali.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damun mutanenmu, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Ka zaɓi rubutun suna guda ɗaya ka tsaya a kansa har ka yi ritaya. Ka buɗe ORCID, rajistar shaidar masu bincike da aka fara a 2012, kyauta ne, za a ba ka lamba mai gurbi 16 da ba wanda zai yi tarayya da kai a cikinta, ka riƙa sa ta duk lokacin da za ka tura maƙala. Scopus kuma yana karɓar buƙatar haɗe shafukan da suka rabu ba tare da biyan ko kwabo ba. A Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, matsalar juyawa take yi: shi kwashe-kwashe gare shi, sai ka wayi gari ya jingina maka maƙalar wani takwaranka masanin noman dawa. Kama da wane ba ta wane. Ka kashe sabuntawar da yake yi da kansa, ka riƙa duba kowace maƙala kafin ta shiga.

Sai ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Amurka, ya fito da shi a 2005. Lissafinsa ba wuya: idan kana da maƙalu biyar da wasu maƙalu suka ambaci kowacce aƙalla sau biyar, h ɗinka 5 ne, ko da ɗaya daga cikinsu an ambace ta sau 400. Kuskuren shi ne a rubuta lambar tsurarta a takardar neman aiki. Google Scholar yana ƙirga kundin digiri da takardun taro, don haka lambarsa kusan kullum ta fi ta Scopus da takwaransa Web of Science. Ka rubuta inda ka samo ta da ranar da ka duba. In kuma kai ne a kwamiti, kada ka ɗora h ɗin wani na Google Scholar kusa da na wani na Scopus ka ce ka yi adalci. Haka nan h ba ya sauka, shekaru ne ke kiwata shi. Wanda ya fara wallafa a 1995 da wanda ya fara a 2018 ba sa'o'in juna ba ne.

A fagen laka akwai wani rashin adalcin da ba kowa ke lura da shi ba. Masu binciken gida biyu ne: masu aiki da ɓeraye a ɗakin gwaji, da masu aiki da majinyata a gadon asibiti. Mai ɓera zai iya kammala gwaji cikin 'yan watanni. Mai majinyata sai ya jira a kawo su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi kowanne wata shida ko shekara kafin ya san inda warkewa ta tsaya. Ga kuma maƙalun da suka zama ma'auni. A 1995 Basso da Beattie da Bresnahan na Jami'ar Jihar Ohio suka wallafa hanyar ba wa tafiyar ɓera maki daga 0 zuwa 21, kuma an ambace ta sau dubbai, domin duk wanda ya yi amfani da ma'aunin dole ya ambace ta. Haka rabe-raben tsananin raunin laka na Frankel na 1969 daga asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Ayyuka ne masu daraja, amma irin ambaton da suke samu daban yake da na maƙalar da ta gwada magani. Kafin ka kwatanta mutum biyu, ka tabbata gonarsu ɗaya.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukar ambato a matsayin amincewa, kuma fagen laka yana da labarin da ya isa darasi. A 1990 Michael Bracken na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin NASCIS na biyu a New England Journal of Medicine, kan majinyata 487. Saƙon da ya karaɗe duniya shi ne, a ɗura wa wanda ya samu rauni a laka methylprednisolone, wani maganin rage kumburi, mai yawa cikin awa takwas na farko: miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, sannan miligiram 5.4 a kan kowane kilo a kowace awa har awa 23. Asibitoci suka rungumi abin, ya zama kamar farilla. Daga baya masu sharhi suka koma suka karanta da kyau, suka nuna cewa idan aka haɗa majinyatan gaba ɗaya ba a ga bambancin kirki ba. Amfanin ya bayyana ne sai da aka ware waɗanda aka ba su da wuri. Ga kuma fargabar ruɓewar rauni da zubar jini a ciki. A 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka na Amurka suka ba da shawarar a daina bayarwa. A 2017 wani kwamitin AOSpine, ƙungiyar likitocin ƙashin baya ta duniya, ya ce ana iya bayarwa na awa 24, amma shawara ce mai rauni. Duk tsawon wannan ja-in-ja lambar ambaton maƙalar hawa take yi, domin mai suka ma sai ya ambace ta kafin ya soke ta.

To, mene ne gyaran? Gani ya kori ji. Ka zaɓi manyan maƙalun mutum uku, ka buɗe jerin waɗanda suka ambace su, ka karanta ashirin daga ciki ka ga abin da suke faɗa a jimlar da sunansa ya fito. Ka cire waɗanda shi ne ko ɗalibansa suka rubuta. Ka duba ko wani ɗakin bincike da ba ruwansa da shi ya maimaita gwajin ya samu abin da ya samu. Wannan tambayar ba ta wasa ba ce: cibiyar binciken cututtukan jijiya ta gwamnatin Amurka ta taɓa ɗaukar nauyin maimaita wasu gwaje-gwajen dabbobi da suka yi suna, kuma rahoton da Oswald Steward da abokansa suka fitar a 2012 ya nuna yawancinsu ba su ba da sakamakon farko ba.

Sunan mujalla ma yana rufe ido. Aikin da Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch suka yi a Lozan ta Suwizalan, na dasa na'urar da ke motsa laka da lantarki, ya fito a Nature a 2018 da majinyata uku, sannan a 2023 da mutum ɗaya. Aiki ne na ban mamaki, ba na ja. Amma binciken STASCIS na Michael Fehlings na Toronto, wanda ya bi majinyata 313 masu rauni a wuya ya nuna fa'idar yin tiyata kafin awa 24, a PLoS ONE ya fito a 2012, kuma shi ne ya fi taɓa shawarar da likitan da ke kwana a bakin aiki zai yanke da tsakar dare. Makin tasirin mujalla matsakaicin ambaton shekara biyu ne na duk abin da ta buga, ba na maƙalarka ba, shi ya sa sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake auna bincike ta nemi a daina auna mutum da shi.

Mujallun 'yan damfara kuwa, masu aiko wasiƙar yabo su buga maka cikin mako guda in ka biya dala, ba sai na tsawaita ba: ka nemi sunan mujallar a PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ko Scopus da kanka kafin ka tura. Haka ma ka guji yanka bincike ɗaya ya zama maƙalu huɗu, da sa sunan oga a maƙalar da bai taɓa karantawa ba.

Bayan mun haɗe shafukan ƙanin nawa, maƙalunsa sun koma tara a Scopus, sauran biyun suna African Journals Online, shafin mujallun Afirka. Sai ya tambaye ni abin da ya sa ba a ambatonsa. Muka buɗe wadda ya fi alfahari da ita. Ya ƙirga majinyata, ya faɗi yawan waɗanda haɗarin hanya ya kawo, ya ambaci gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Amma ya rubuta "ya samu sauƙi" da "bai samu sauƙi ba" maimakon matakin ASIA, ma'aunin tsananin raunin laka daga A zuwa E, bai faɗi awa nawa aka ɗauka daga wurin haɗari zuwa asibiti ba, bai kuma ce wata nawa ya bi su bayan sallama ba. Masu tattara binciken duniya su kwatanta, waɗanda su ne ke kawo ambato mai yawa, ba su da abin da za su ɗauka a ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce ai duk wannan yana cikin fayilolin majinyatan, lambobin wayar 'yan uwansu ma suna nan. Ranar Litinin ya sa aka fara fito masa da fayilolin.