Yadda za ka tantance labarin sauya sheƙa a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, masu bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka a Samaru da Kwangila da Sabon Gari na Zariya ba su da wata hira sai ta wane ya bar makarantarsa, kocin wane ya tattara ya tafi. Abin da aka fi ji a majalisa shi ne "ya ci amana". Sau da yawa kuwa yaron da ake zagi ba shi ya fara tafiya ba. Kafin ka yanke hukunci, ga abubuwan da ya kamata ka bi.

Fara da tambayar wa ya riga wa fita. Jera kwanan watan tafiyar koci da na ɗan wasa, domin tafiyar koci ɗaya takan girgiza makarantu da yawa. A 2024 jami'ar SMU ta ɗauke koci Andy Enfield daga USC, ita kuma USC ta ɗauke Eric Musselman daga Arkansas. Arkansas ta jawo John Calipari, wanda ya shafe kaka 15 a Kentucky, sai Kentucky ta kira tsohon ɗan wasanta Mark Pope daga BYU. 'Yan wasan Kentucky D.J. Wagner da Adou Thiero da Zvonimir Ivisic suka bi Calipari, Pope ya iso ya tarar da gida wayam, sai da ya haɗa sabuwar tawaga daga wasu makarantu. Duk da haka Kentucky da Arkansas sun kai zagayen 'yan 16 a gasar cin kofin jami'o'i ta ƙasa ta 2025. Yaro ba gini yake bi ba idan zai zaɓi makaranta. Mutumin da ya zauna da iyayensa ya yi musu alkawari yake bi. In mutumin ya tafi, sabon koci na zuwa da salonsa da yaransa, kuma alkawarin wancan bai hau kansa ba.

Shi koci hanyarsa a buɗe take tun fil azal. Akwai kuɗin warware kwantiragi, galibi sabuwar makarantar ce ke ɗaukar nauyinsa, washegari ya kama aiki. Ɗan wasa kuwa, kafin Afrilun 2021, sai ya zauna kaka guda ba ya buga wasa idan ya sauya makaranta, in ba ya riga ya kammala digiri ko an yi masa rangwame na musamman ba. A ganinmu, duk wanda bai ga laifin koci ba, bai kamata ya ga laifin yaro ɗan shekara 19 ba.

Sai ka duba ko tafiyar ma ta tabbata. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe rajistar masu neman sauya makaranta a Oktoban 2018. Ɗan wasa zai sanar da makarantarsa, ita kuma tana da kwana biyu na aiki ta shigar da sunansa. Shigar suna izini ne kawai ga sauran kociyoyi su tuntuɓe shi, kuma yana iya janyewa. A nan mutane ke yin kuskure: hoto ya fito a X ko WhatsApp, an ce wane ya tafi, alhali bai sa hannu ko'ina ba. Haɗarin ma a kansa yake, don makarantar na da damar yanke masa tallafin karatu a ƙarshen zangon da ya shiga rajistar, kuma ba kowa ke samun wurin zuwa ba.

Ka kula da shekarar labarin, don doka ta yi ta canzawa. A 2021 an yarda a sauya sau ɗaya ba tare da zaman jira ba. Bayan umarnin wata kotun tarayya a West Virginia a Disamban 2023, hukumar ta cire iyakar a Afrilun 2024, muddin karatun yaro na tafiya daidai. Wa'adin shiga rajista ya fara da kwana 60, ya koma 45, ya sauko 30 a 2025. Tafiyar koci kuma takan buɗe wa 'yan wasansa wani wa'adin na daban.

Lissafin da ya fi komai fayyace gaskiya shi ne na mintuna. Wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, wato minti 200 ake rabawa. Tawaga na iya kai mutum 15, amma yawancin kociyoyi takwas ko tara suke juyawa idan wasa ya yi zafi. Buɗe shafin ƙididdigar ɗan wasan, ka ga minti nawa yake samu a wasanni goma na ƙarshen kaka, sannan ka duba ko an ɗauko wani a gurbinsa. Wanda ke samun minti bakwai, ga shi an kawo babban ɗan wasa a matsayinsa, an sallame shi ne ba tare da an furta ba. Ka haɗa da shekarun da suka rage masa: ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kaka huɗu cikin shekara biyar, saboda haka kakar da ta ƙare a benci ba ta dawowa.

Akwai kuma mai tafiya don ya fi ƙarfin inda yake. Walter Clayton Jr. ya bar Iona a 2023 bayan kocinsa Rick Pitino ya koma St. John's, ya tafi Florida, ya jagorance ta ta ci kofin 2025 da doke Houston 65 da 63. Mu a Zariya wannan ba baƙon abu ba ne: Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors, wanda ya tashi a garin nan, ya fara a Bismarck State, kwalejin shekara biyu, kafin ya wuce Montana State Billings.

Batun kuɗi yana buƙatar taka-tsantsan. Tun 1 ga Yulin 2021 ɗan wasa na iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma daga Yulin 2025 makarantu na iya biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ga dukkan wasannin makarantar a haɗe. Amma ba a cika bayyana kwantiragin mutum ɗaya ba, don haka adadin da ke yawo a intanet ka ɗauke shi a matsayin ji-ta-ji-ta.

Idan yaron ɗan Najeriya ne, kamar Clifford Omoruyi da ya bar Rutgers zuwa Alabama a 2024, lissafin ya ƙara tsawo. Bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da zai yi a biya shi a cikin Amurka, don haka tayin da ya dace da Ba'amurke ba lallai ya dace da shi ba. Sai tsohuwar makaranta ta miƙa bayanansa ga sabuwar, ita kuma ta ba shi sabuwar takardar I-20, wato shaidar cewa ɗalibinta ne, wadda bizarsa ta dogara a kai. Iyaye su nemi a rubuta musu darussa nawa sabuwar makarantar za ta amince da su, domin waɗanda ta ƙi sai ya maimaita, kuma suna iya hana shi cika sharaɗin karatun da zai ba shi damar shiga fili.