Yadda Ake Sauya Furosesa a Kwamfutar Wasa Ba Tare da Ɓarna Ba

Yawancin waɗanda na ga sun tafka asara wajen ƙara wa kwamfutar wasa ƙarfi, tun kafin su taɓa sukurudireba suka yi kuskuren. Mutum zai ga wasa yana sarƙewa, sai ya ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, laifi, ya sayi sabuwa ya saka, wasan kuma yana nan yadda yake.

Don haka fara da gwaji. Sa manhajar MSI Afterburner mai nuna yadda kayan kwamfuta ke aiki, ka kunna wasan da ke ba ka wahala, ka sa ido a kan lambobin da ke fitowa a kusurwar allo. In katin girafik, mai zana hotunan wasa, yana aiki kusan kashi 99 cikin 100, shi ne ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ka bar furosesa ta huta. In kuwa katin yana zaune a kashi 60 ko 70 amma hoto na tsinkewa, kuma ba kai ka taƙaita gudun wasan ba, to furosesa ce ke riƙe masa ƙafa.

Mataki na biyu, ka san madabod ɗinka, wato babban falle da ake dasa duk kayan kwamfuta a kansa. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka sunansa da irin soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa. A ɓangaren AMD akwai AM4, wanda ya fito a 2016 yana aiki da RAM ɗin DDR4, sai AM5 na 2022 wanda DDR5 kaɗai yake karɓa. A ɓangaren Intel, LGA1700 yana ɗaukar furosesocin zubi na 12 da 13 da 14, amma Core Ultra 200S sai LGA1851. Sauya soket na nufin sabon madabod, sau da yawa har da sabon RAM, kuɗin ya ninka ke nan. Shi ya sa mai AM4 kullum nake ce masa ya tsaya inda yake, ya nemi Ryzen 7 5800X3D ko 5700X3D, ko da na hannu ne.

To ga inda mutane suka fi faɗawa rami: BIOS, ƙaramar manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta. Shigar furosesa cikin soket ba ya nufin madabod ya san ta. Madabod ɗin B450 da aka saya zamanin Ryzen 2000 ba zai tashi da Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, kuma a mafi yawan lokuta sabuntawar tana buƙatar tsohuwar furosesa tana ciki. Na ga wanda ya sayar da tsohuwar tasa da safe, da yamma yana zaune gaban baƙin allo, fankoki na juyawa, babu abin da ya fito. Je shafin kamfanin madabod ɗin, ka buɗe jerin furosesocin da yake karɓa, ka ga lambar BIOS da aka rubuta a gaban wadda za ka saka. Sauke fayil ɗin, ka zuba shi a filas da aka yi wa fomat na FAT32, ka shiga BIOS ka sabunta daga can. Ka tabbatar sunan madabod ɗin ya yi daidai harafi da harafi, domin wani lokaci ƙaramin bambanci kamar V2 ko MAX wani madabod ne daban. Kuma ka karanta bayanin da ke ƙarƙashin fayil ɗin: wasu sai an bi ta wani BIOS na tsakiya kafin a kai na ƙarshe. Yayin da aikin ke tafiya kada ka taɓa komai, kada wuta ta yanke. Wasu madabod suna da maɓallin Flashback a baya wanda ke yin wannan aikin ko babu furosesa. In naka yana da shi, ka tsira.

Kafin ka kashe kwamfutar, in BitLocker, mai kulle bayanan faifai, yana kunne a Windows ɗinka, dakatar da shi ko ka ajiye mabuɗinsa mai lambobi 48 a wayarka. A AMD, TPM, ma'ajiyar mabuɗan tsaro da BitLocker ke dogara da ita, yana cikin furosesa ne. Da ka sauya ta, Windows zai iya kulle maka faifai ya ce sai mabuɗi.

Yanzu cirewa. Nan ne ni kaina na taɓa yin kuka. Man sanyaya, wanda ake sawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya ta, in ya daɗe yakan bushe ya zama kamar gam. Na kwance sukurori na fizgo na'urar sanyaya sama kai tsaye, sai ga furosesa manne a gindinta, ta fito daga soket ɗin da ke kulle, allurai da dama sun lanƙwashe. A AM4 alluran, guda 1,331, a jikin furosesa suke, kuma siraransu kamar gashi. Na kwana ina miƙe su da reza. Tun daga ranar dokata ɗaya ce: kunna wasa na minti goma man ya yi laushi, ka kashe, ka zare waya daga bango, ka sassauta sukurori kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan ka murɗa na'urar hagu da dama a hankali har ta saki da kanta. Kada ka ja sama sai ka ji ta zame.

A AM5 da Intel alluran a cikin soket suke, don haka yatsa ko sukuru kada ya faɗa ciki. Ɗaga ƙarfen makulli, ka daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa da ta jikin soket, ka ajiye ta ta zauna da nauyinta. In sai ka danna, to ba daidai take ba. Goge tsohon man da barasar isopropyl, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ni ba na shafawa, matsi zai baza shi. Sabuwar na'urar sanyaya tana zuwa da leda a gindi, ɓare ta. Haɗa wayar fanka a inda aka rubuta CPU_FAN.

Sauran kayan ba su da wuya. RAM sanda biyu a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, sannan ka kunna XMP ko EXPO, saitin cikakken gudun RAM, a BIOS, in ba haka ba zai yi gudu ƙasa da abin da ka biya. Sabon katin girafik kuwa, auna tsawonsa da akwatinka, ka duba ko fawa sufulai, mai raba wa kayan wuta, yana da isasshen wat, kuma filogi mai baki 16 ka tura shi har ƙarshe, domin wanda bai zauna ba yakan narke. Wayar allo a jikin katin ake sa ta. 5800X3D ba ta da girafik na kanta. In har yanzu wasanninka a kan faifai mai juyawa suke, koma SSD na M.2, faifai mai sauri, saka shi sukuru ɗaya ne.

Kunnawar farko takan ɗauki lokaci, musamman da DDR5, har 'yan mintuna allo na baƙi, kada ka firgita ka kashe. Da Windows ya tashi, sa direban chipset, ka buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi, ka yi wasa na rabin awa kana duba zafi. Iyakar 5800X3D digiri 90 ce; in ta manne a can, sake cire na'urar sanyaya ka duba man da ledar nan.